Galan Mai Tabon Walda

Shekari ne ya fara miƙa hannu. Martha ta goge nata a jikin zane tukuna, sannan ta karɓa, ni kuma aka ce in ɗora nawa a sama tun da ni ne shaida. A gindin mangwaron garejin Shekari da ke Kudenda aka yi wannan, ana dab da faɗuwar ruwan fari.

"Daga yau zuwa Kirsimeti," in ji Shekari.

"Zuwa Kirsimeti, Baba," in ji Martha. "Allah ya kai mu."

Ga abin da suka ƙulla. Shekari dattijo ne mutumin Zonkwa, yana da motocin haya masu bin hanyar Kachia zuwa Kafanchan, kuma garejin nasa ne. A shekarar ya sayo motoci biyu 'yan Kwatano, iri ɗaya, jirgi ɗaya ya sauke su, ɗaya fara ɗaya mai ruwan toka. Farar za ta riƙa shan baƙin man da Martha ke sayarwa. Mai ruwan tokar za ta sha na Wilson, mijin 'yar Shekari. In Kirsimeti ta zo, Tagwai bakanike zai buɗe injinan biyu a gaban kowa. Wanda injinsa ya fi tsabta, kwantenar bakin ƙofa tasa ce.

Kwantenar nan ita ce maganar gaba ɗaya. Ta Shekari ce, amma Martha ta daɗe a ciki tana sayar da baƙin mai da man birki da 'yan tarkace. Duk motar da za ta shiga garejin sai ta wuce ta gabanta. Tun da masana'antar da mijinta Isaac ke aiki ta rage ma'aikata ya dawo gida da ciwon baya, daga wannan kwantenar ake cin tuwo a gidansu, daga nan 'yarsu Hope ke zuwa makaranta. To sai ga Wilson ya dawo daga Legas ba aiki, da niyyar sayar da mai, matarsa Eunice kuma ta tasa ubanta a gaba kan a ba mijinta wurin. Shekari ya rasa yadda zai yi. Korar Martha ba dalili abin kunya ne, don cocinsu ɗaya, kuma matarsa da Martha tare suke rawa a zumuntar mata. Hana 'yarsa kuma ba zai bar shi ya sha ruwa da daɗi a gida ba. Shi ne ya ɗauki shari'ar da ta fi ƙarfinsa ya ɗora wa inji.

Ni kuwa an zaɓe ni ne saboda ba ni da kowa a ciki. Daga Unguwar Mu'azu nake zuwa, masallaci nake shiga ba coci ba, kuma ba dangin iya ba na baba tsakanina da su. Tankar mai na yi ta tuƙawa har ƙarfina ya ƙare, shi ya sa a garejin Baba Mai Tanka ake ce mini. Zaman hira kawai ke kawo ni wajen Shekari.

Motocin nan biyu ba irin waɗanda muka tashi da su ba ne. In ka ɗaga bonet injin ɗan mitsitsi, kai ka ce na niƙa ne, amma in ta ɗauki hanya sai ka riƙe kujera. Tagwai ya ce sirrin yana wurin turbo, wata 'yar fanka da hayaƙin salansa ke juyawa tana cusa wa injin iska, kuma tana yin zafi har ta yi ja. Wani siririn bututu ne ke kai mata mai, in ya toshe ta mutu. Sannan injin ba ya gauraya fetur da iska a waje kamar na da, cikin silinda yake fesa shi kai tsaye, wani ya ƙone, wani ya sulale ƙasa ya shiga cikin baƙin mai. Wato man da ke ciki wuta na cin sa ta sama, fetur na tsinka shi ta ƙasa. Ba kowane mai ke jure wannan ba.

Man Martha sintetik ne, wato irin wanda ake haɗawa a masana'anta, amma na talaka. Galan mai launin toka, sunan kamfanin ba wanda ya taɓa ji a rediyo. Na Wilson shi ma sintetik, sai dai galan ɗinsa ruwan gwal, sunan kuwa har a rigar 'yan ƙwallo ana ganinsa, tsadarsa ta ninka ta na Martha har ta ɗora. Ranar juyen mai na farko Shekari ya yi abin da duk tsohon direba ke yi, ya ɗiga kowanne a yatsa ya murza. Mu haka muka koya, mai kauri shi ne mai, wanda zai kama yatsa ya yi yauƙi. Na Martha ya ce wannan ai ruwan famfo ne aka sa wa kala. Na Wilson ma bai fi shi kauri ba, amma Shekari ya dubi galan ɗin ya ce ai na Turawa haka yake, ƙarfinsa a ciki yake ɓoye. Martha ba ta yi musu ba, ta dai nuna masa murfin injin ta ce lambar da aka rubuta a kai ita ce a jikin galan ɗinta, ita abin da mota ta roƙa ta ba ta.

Sharaɗi biyu ta kafa. A riƙa juye mai bisa tafiyar da mita ta nuna, kada a jira sai mai ya yi baƙi kirin. Kuma in direba ya dawo daga doguwar hanya ya bar motar a kunne, a silo, na ɗan lokaci kafin ya kashe, don turbo ta huce. Wilson ya ce na biyun ya yarda, na farkon kuwa ita ya shafa, don nasa man zai yi ninkin tafiyar nata bai gaji ba.

Da aka gama juye ta ɗauko wuƙa ta yanka galan ɗinta da ya ƙare gida biyu. Tagwai ya ɓata rai. A garejin nan, da duk garejin da na sani, galan na bakanike ne, kamar yadda wuya yake na mai yanka. Mai mota ya biya mai, bakanike ya ɗauke galan, ba a tambaya. Martha ta ce masu kawo mata kaya ne suka ce a riƙa yankawa. Tagwai ya ce to ai ko ba ta yanka ba nata ba mai so. Gaskiya ya faɗa. Akwai wani mai babur da ke zagayowa yana sayen galan, amma mai ruwan gwal kaɗai yake nema, kuma in da murfinsa lafiya ya fi biya. Na tambayi Tagwai me mutumin ke yi da su, ya ce wai manja ake ɗurawa. Na ce manjan da sai a galan mai suna zai zauna, lalle manja ne na manya. Ya yi dariya ya ce shi dai an ba shi na shayi.

Galan ɗin Wilson na ranar, kafin Tagwai ya ɗauke, yana ajiye kusa da mai walda. Tartsatsi ya faɗo a ƙasan hannun galan ɗin ya narkar da robar, tabo mai yatsu uku kamar sawun kaza. Martha ta ce ga shi kaza ta taka man Turawa, muka yi dariya, aka manta. Rabin galan ɗinta kuwa ta cika shi da ƙasa ta dasa barkono a gefen kwantena.

Damina ta kankama. Da farko ba abin da ya bambanta motocin, duk suna zuwa suna dawowa. Sai cikin watan Agusta ruwa ya ɓata wani yanki na hanya, Shekari ya tsayar da farar a gari tana jigilar ma'aikatan wata masana'anta, daga Kudenda zuwa Kakuri, daga Kakuri zuwa Kudenda, kullum cikin cunkoso, injin bai gama ɗumi ba an kashe. Wata safiya direbanta ya zaro gejin auna mai ya kira mutane. Man ya yi duhu, yana warin fetur, kuma maimakon ya ragu sai ya haura alamar.

Garejin ya ɗauka. Wani ya ce man Martha haihuwa yake yi. Wani ya ce a zuba a janareta a gani ko zai tashi. Shekari ya shinshina gejin ya girgiza kai.

"Maman Hope, araha ba ta ado."

"Ba ado na ce zai yi ba, Baba. Aiki na ce."

Amma nan take ta kwance murfin sabon galan. Ta sa Tagwai ya juye tun lokacinsa bai yi ba, daga aljihunta. Tagwai ya ce aikin cikin gari ne ya jawo, fetur ke taruwa in inji bai yi zafin da zai kore shi ba, kowane mai aka zuba haka zai yi. Ba wanda ya saurare shi, don dariya ta fi bayani daɗi. Martha da kanta ta ce mini ta san manta ba shi da dogon numfashi kamar masu tsada, in an matsa masa yana saurin gajiya, dabararsa kawai a canza shi da wuri. Daga ranar ta bi farar motar kamar mai jinyar jariri. Kowace safiya sai ta zaro geji ta ɗiga a farar takarda ta duba. Ta rame. Isaac ya fara rako ta yana zama a benci da matashi a bayansa, idonsa a kan ƙofar garejin.

A ɓangaren Wilson kuwa sai murna. Ya samu wani dillali a kasuwa da ke ba shi irin man nan mai ruwan gwal da sauƙi ƙwarai, wai ta bayan iyaka yake shigowa. Ya saro katan-katan. Da aka zo juye na biyu a mai ruwan tokar, Shekari ya murza a yatsa fuskarsa ta washe. Wannan karon man ya kama yatsa, ya yi yauƙi. Ya ce yanzu aka kawo na ainihi, na farkon ma ashe an tsinka shi. Ya zagaya da yatsan yana nuna wa direbobi. Har wasu suka fara saya wa motocinsu.

Ɗanladi ne ke jan mai ruwan tokar, magidanci mai yara, motar ce abincinsa. Wajen ƙarshen damina na fara jin wani siririn fito in ya taka ta, kamar iska na bi ta ramin ƙofa. Da safe kuma in ya tayar, sai ɗan hayaƙi shuɗi ya fita kafin ya washe. Ɗanladi ya ce sanyin damina ne. Wanda ya yi shekaru yana kwana da kunne a kan inji ya san ba sanyi ba ne, amma shaida ba ya shiga tsakani, na bar wa cikina.

Ranar da abin ya fito, ruwa ne aka yi da rana tsaka, irin na bankwana mai iska. Katan ɗin Wilson suna jibge a ƙarƙashin wata rumfar leda, iska ta yaye ta. Martha ta leƙo ta ce ya shigo da su kwantena kafin su jiƙe. Gasa dai ake yi, ba gaba ba. Muka taya shi kwasa. Ɗaya katan ɗin ya riga ya sha ruwa, gindinsa ya ɓalle, galan suka zube a ƙasa. Wilson ya ce a bar su nan zai je ya ɗauko Eunice daga kasuwa, ya fita da lema.

Martha na tsince su tana jerawa, sai ta tsaya da ɗaya a hannu. Ta juya shi wajen haske. Ta miƙo mini.

A ƙasan hannun galan ɗin ga tabon nan mai yatsu uku. Galan cike, murfi a ɗaure, zoben murfin lafiya kamar daga kamfani.

Ruwa na dukan rufin kwantena har sai mutum ya ɗaga murya. Ta zauna a kan buhun tsumma ta tambaye ni ko idonta ne. Na ce idona ma haka ya gani, kazar da ta taka man Turawa ce ta dawo gida. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Mai babur ya saya wajen Tagwai, wasu suka ɗura abin da suka ɗura, tsohon mai da aka tace aka ƙara masa kauri ko ma mene ne, suka liƙe, dillali ya sayar wa Wilson, Wilson ya kawo garejin da galan ɗin ya fito.

"Baba Mai Tanka, me zan yi?"

Na ce mata ni shaida ne, ba zan zaɓa mata ba, amma zan faɗa mata yadda kasuwar take. In ta mayar da galan cikin 'yan uwansa ta yi shiru, kafin Kirsimeti turbo ɗin mai ruwan toka za ta mutu, wataƙila ta ja injin su tafi tare, kwantena ta zama tata, kuma ba mai cewa ta yi wani abu. In kuwa ta yi magana, na san Shekari. Zai ce gasa ta lalace, a koma farko, ko ya ce tun da an cuci surukinsa sai a tausaya masa. Ta ce ta sani. Ta dubi barkononta da ruwa ke duka, a lokacin rabin galan sun yi layi a gefen kwantena, wasu har sun fara ja.

Ta kwana da abin. Washegari Ɗanladi ya zo da sassafe yana wanke mota, zai kwashi wasu mata zuwa biki a Kachia. Ya tayar, hayaƙin nan ya fita, fiton ya ƙaru. Na ga Martha ta tsaya a ƙofar kwantena tana kallon motar. Sai ta shiga ta fito da galan a cikin baƙar leda.

Ba wajen Shekari ta nufa ba. Wilson ta kira bayan kwantena, ta ce in zo in tsaya. Ta nuna masa tabon ta tuna masa ranar walda. Wilson ya hau sama. Ya ce dabara ce, ta ga za ta faɗi shi ne ta ƙona masa galan da daddare. Ta ce to ya duba zoben murfin, ya kuma kira Tagwai. Tagwai ya zo yana goge hannu, ya ga tabon, ya kawar da kai. Da Wilson ya matsa masa, ya ce shi dai ya san ya sayar wa mai babur galan mai irin wannan tabo, abin da ya biyo baya bai sani ba. Aka fasa murfin aka zuba kaɗan a farin faranti. Martha ta kawo ragowar man Wilson na farkon nan da Tagwai ya ajiye a kwalba don ciko, aka ɗiga a gefe. Ɗaya garau kamar man gyaɗa, ɗaya da duhu-duhu da warin ƙuna a ƙarƙashin turaren da aka sa masa.

Wilson ya daɗe yana kallon farantin. Duk abin da ya dawo da shi daga Legas yana cikin katan ɗin nan.

"Me ya sa ba ki kai wa Baba ba?" ya ce.

"Surukinka ne. Gara ya ji daga bakinka. Amma ka yi sauri, Ɗanladi zai ɗau hanya da mutane."

Ya je da kansa. Daga nesa na ga Shekari ya ɗiga man a yatsa ya murza, ya sake murzawa, kamar yatsan zai canza magana. Aka sauke matan biki aka sa su a wata motar. Tagwai ya buɗe mai ruwan tokar a ranar. Ƙarƙashin murfin injin laka ce baƙa kamar kwalta, ana kankarowa da cokali. Bututun turbo saura ƙiris ya rufe, fankar kuwa in ka taɓa ta sai ta yi lilo. Tagwai ya ce injin zai tashi in an wanke, turbo dai sai sabuwa, kuma da an ƙara 'yan tafiye-tafiye da sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Direbobin da suka sayi man suka yi layi a juye musu.

Sai abin da na faɗa ya faru. Shekari ya ce yarjejeniya ta tashi, tun da man surukinsa na gaskiya bai shiga gasar ba. Martha ta sunkuyar da kai. Nan na yi magana, don hannuna na kan nasu ranar da aka ƙulla. Na ce doki biyu aka sa a sukuwa, ɗaya ya faɗi, ɗaya na gudu, ba a tsayar da mai gudu a ce ya dawo. A bar farar ta kai Kirsimeti. Shekari ya sosa gemu, sannan ya ce ya yarda, amma tun da ba abin gwadawa, shi zai gwada da idonsa.

"In na ga baƙi ko na ƙwayar gero a injin nan, Maman Hope, kin tashi."

Wato da ta yi shiru, injin da ya fi na Wilson kawai ake nema a wurinta. Yanzu da ta yi magana, sai wanda ba shi da aibi. Isaac ya ce mata a gida, ita ta faɗa mini, da ta bari Allah ya yi ikonsa. Ta ce masa ai ikon nasa ne ya yi.

Hanya ta gyaru, farar ta koma Kafanchan. Watannin nan Martha ba ta yi sake da geji ba, kuma direban ya saba, in ya dawo sai ya bar motar a silo ya je ya wanke fuska sannan ya kashe. Wilson bai daina zuwa garejin ba. Ya je neman dillalin ya tarar da shago a rufe, maƙwabta suka ce ba su san shi ba. Ya dawo yana taya Tagwai miƙa sifana, ba ya son zama gida.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, da hantsi, aka tura farar gindin mangwaro. Garejin ya cika, har mai shayi ya bar teburinsa. Tagwai ya kwance murfin injin ya ɗaga. Ƙarfen ciki ya yi launin kofin da aka daɗe ana shan shayi da shi, ja-ja, amma ba laka, ko'ina mai na sheƙi. Ya ciro bututun turbo ya sa a baki ya busa, iska ta fita ta ɗaya gefen har ta tayar da ƙura. Ya kama fankar ya girgiza, ba ta motsa ba, ya juya ta da yatsa ta yi ta juyawa. Isaac ya sauke numfashi har na ji daga inda nake.

Shekari ya matso. Ya karɓi tocila ya ce a cire bututun iska. Da aka cire ya haska ramukan da iska ke bi ta shiga injin, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago ya kira ni. A bayan bawul-bawul ɗin kunkunniya ce ta taru, baƙa, dunƙule-dunƙule kamar gindin tukunyar da ake girki da itace.

"Shaida, wannan fari ne ko baƙi?"

Na ce baƙi ne. Ba yadda zan ce.

Martha ta riƙe bakin zanenta. Na dubi Tagwai, don na san ya san amsar, na kuma san tun ranar faranti Shekari ya hana fitar da galan ko ɗaya daga garejin sai an yanka, kuma Tagwai a wuyan Martha ya rataya wannan asarar. Ya yi ta juya sifana a hannu. Daga baya ya yi tsaki ya ce shi ba zai ci amanar inji ba. Wannan baƙin ba na mai ba ne. A motocin da, fetur ta nan yake bi yana wanke wurin, a waɗannan kuwa an canza masa hanya, ba abin da ke wankewa, ko man da aka sauko da shi daga sama aka zuba sai ya taru. Sai dai a riƙa buɗewa ana gogewa.

Shekari ya ce bakanike ai ba ya rasa magana. Sai Wilson ya matso.

"Baba, ranar da aka buɗe tawa ni na riƙe tocila. Haka wurin yake, har ya fi. Kuma da ba don ita ba, yau mota ɗaya gare ka a nan, ba biyu ba. Ka bar mata wurinta. Ni zan yi wa Eunice bayani."

Shekari ya dubi surukinsa, ya dubi injin. Ya sa yatsa ya lakato man da ke kan ƙarfen ya murza.

"Har yanzu dai ruwan famfo ne," ya ce. Ya goge a wando. "To ni da ma na ce ta tashi ne? Tagwai, rufe mini mota, akwai fasinjan Kirsimeti."

Martha ba ta yi guɗa ba. Ta durƙusa ta ce na gode Baba, ta tashi ta shiga kwantena, ta ɗan jima a ciki kafin ta fito da idanu ja tana tambayar wa zai sha lemo.

Wasu direbobi suka so su ɗauki maganar da nisa, wai man araha ya kayar da mai tsada. Martha ta ce kada su ja mata, mai tsada na gaskiya bai shiga fili ba, kuma ta tabbata da ya shiga zai fi nata nisan zango. Abin da ta sani kawai, nata in an canza shi a kan kari yana riƙe turbo, kuma ba wanda ya damu ya yi jabunsa tukuna. Ni ma abin da na gani ke nan. Ɓarawo ba ya wahalar buga jabun ƙaramin kuɗi.

To ga yadda rabon ya kasance. Martha ta ci, kwantena na hannunta, motocin Shekari duka yanzu nata suke sha, Hope na makaranta. Ɗanladi ya ci, motarsa ta dawo hanya ba fito. Wilson ya yi asarar katan ɗinsa, aka ba masu buga bulo suna shafa wa ƙarfensu, amma ya kafa tebur a gefen kwantenar yana sayar da filta da fulogi, kuma yana sarar mai tsadar daga babban ofishin masu shi don masu motocin da ke so, Martha ce ma ke turo masa su. Shekari ya sayi turbo, ya kuma sha kunyar yatsansa, ko da yake har gobe bai daina murzawa ba, amma ya kwana lafiya da 'yarsa da zumuntar mata duka. Tagwai ya rasa galan, kullum sai ya yi mita in ya ga wuƙa, sai dai ya samu sabon aikin goge kunkunniya da masu irin motocin nan ke kawo masa daga Barnawa da Sabo, bai dai yarda ya haɗa lissafin biyu wuri ɗaya ba. Wanda ya faɗi ƙasa warwas shi ne mai babur. Ya zo sau ɗaya bayan sabuwar shekara, ya tarar da galan masu ruwan gwal a jere a gefen kwantena, kowanne rabi, cike da ƙasa. Martha ta tsinko barkono ta ce ko zai saya, bai tsaya ba.